Ja Numfashi a Hankali

A gidanmu ni ake kawo wa waya idan ta rikice, don haka da na samu likitar damuwa ta intanet ban tambayi kowa komai ba. Wata biyu gabana na faɗuwa: so nake in bar shagon atamfar Yayana a Garoua in buɗe nawa a Guider, amma na kasa faɗa masa.

Na shige siton shago, na tokare ƙofa da dilar atamfa, na kira ta. Muryar likitar ta yi nisa, sai na ƙure ƙara. Na manta wayar tana haɗe da sifikar shago da muke sa wa'azin safe.

Ita kuwa aikinta maimaita abin da ka faɗa. "Wato shagonka kake son buɗewa a Guider, amma Yayanka kake tsoro? Ja numfashi a hankali."

Da na fito, masu saye uku sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Yaya bai daina awon yadi ba, ya ce, "Da ma wannan ne ya ramar da kai? Je ka nemi shago."

Har yau idan na kira shi daga Guider, kafin in gama sallama yake cewa, "Ja numfashi a hankali."