Yadda Ake Binciken Wiwi Ba Tare da An Tona Asirin Tela Ba

Ka gama digirin dakta, an ba ka aikin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu shan wiwi don a gano alaƙarta da taɓin hankali? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari asirin kowa zai rufu ruf. Dakta Fakhruddeen ɗan unguwar Gwallaga a Bauchi ya bi su, ga shi nan har yau da ransa.

Mataki na 1: Nemo mashaya

Kashi biyu kake bukata: masu sha, da waɗanda ba su taɓa sha ba, don a gwada. Fakhruddeen ya liƙa sanarwa, mutum sittin suka zo, duk cikinsu ba wanda ya taɓa sha. Wasu har tambaya suke mece ce wiwi, idanu jawur. Kada ka yi musu da su.

Mutum ɗaya ya faɗi gaskiya: Auwalu, telan unguwarsu, wanda ya fara jin ana kiran sunansa a cikin ƙarar keken ɗinki. Fakhruddeen ya haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, duk Talata. Sharaɗin Auwalu ɗaya ne: kada unguwa ta ji. In ta ji, shi da asibiti har abada, da hoton da maganin duka.

Mataki na 2: Caje shi

Na'urar hoton tana da maganaɗisu mai fizgar ƙarfe, shi kuwa tela ƙarfe ne abincinsa. Karɓi almakashi, karɓi fil.

"Saura?"

"Wallahi, Dakta, babu."

Duba hularsa. Allura uku za ka samu.

Mataki na 3: Kada ka gaishe shi

Dokar bincike ta ce in kun haɗu a waje, ka yi kamar ba ka san shi ba. Wanda ya rubuta dokar bai taɓa taka Bauchi ba. Fakhruddeen ya gaida mai shayi, ya gaida mai faci, ya sunkuyar da kai ya tsallake shagon Auwalu. Kafin la'asar zancen ya zagaye layi: "Me ya haɗa Dakta da tela? Akwai magana."

Mataki na 4: To, gaishe shi

Amma ka riƙe bakinka. Washegari Fakhruddeen ya miƙa masa hannu biyu, sai baki ya suɓuce: "Ya jiki?" Mai shayi ya ajiye buta. Wani mai keke kuma ya tuna a ƙofar wane ɗaki ya taɓa sauke Auwalu a asibiti. Talatar nan Auwalu bai zo ba, kuma hankalin Fakhruddeen ya tashi ƙwarai.

Mataki na 5: Nemi shawarar manya, ban da suna

Fakhruddeen ya sami mahaifinsa, Modibbo, dattijon da ko goro ba ya ci, ya fara kwana-kwana: "Baffa, wani bawan Allah ne..."

"Auwalu ne. An gaya mini bayan azahar." Modibbo ya dube shi. "Waɗanda ba su taɓa sha ba, kana ɗaukar hoton tasu?"

"Ina ɗauka, Baffa."

"Rubuta ni."

Ranar Talata Modibbo ya tsaya a ƙofar shagon tela ya ɗaga murya yadda har mai faci zai ji: "Auwalu, rufe shagon nan ka raka ni wajen ɗana. Ƙwaƙwalwata ake ta dubawa, ka san ba na son zuwa ni kaɗai."

Mataki na 6: Jure sakamako

Auwalu ya zama mutumin kirki mai raka dattijo asibiti, ya koma kan maganinsa, keken ɗinki ya daina kiransa. Unguwa kuwa ba ta zama da baki haka nan. Aka koma cewa, "Ashe wiwi ce ta sa Modibbo yake yawan murmushi!"

Abin ya yi wa Fakhruddeen ciwo, har idonsa ya kawo ruwa. "Baffa, sunanka fa?"

"Shekara saba'in ina tara shi, ban taɓa samun abin yi da shi ba sai yanzu. Talata ƙarfe nawa?"

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin allurar da ta tashi sama, ko gaisuwar da ta ɓaci, ko dattijon da aka yi wa ƙazafi. In ba ka da uba irin Modibbo, kada ma ka liƙa sanarwar.