Injin da Ya Maƙale a Ƙofar Zaure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na toshe ƙofar gidanmu da ilimina. Shekarar da aka sami 'yancin kai ce, ina aji na biyu a kwalejin da muke koyon aikin injiniya, kuma a duk layinmu a unguwar Wunti ni kaɗai na kai nan a boko. Wannan ya isa ya gaya maka girman kaina a lokacin.

Da dogon hutu ya gabato, wani malaminmu Bature da muke kira Mai Lofe (ko a ɗakin ƙira lofen na bakinsa) ya ce ya gaji da ganin zane a takarda. Kowa ya koma garinsu, ya duba wani aiki da ke wahalar da mutane, ya zana injin da zai sauƙaƙa shi, sannan ya ƙera da hannunsa da abin da ya samu a garin. Ƙarshen hutu shi zai bi mu gari-gari da mota ya gani. Sharaɗin ɗaya ne, sai ya ga inji yana aiki da idonsa. Wanda nasa bai yi ba, ya maimaita aji. Ni kuwa da in maimaita aji labari ya iso Wunti, gara in shiga uwa duniya.

Na zaɓi injin ɓarar gyaɗa. Tun ina yaro nake ganin yadda yatsun Inna ke tsattsagewa duk lokacin da kawunmu na ƙauyen Tirwun ya aiko da buhuna, don haka ban sha wahalar tunani ba. Na tara kayan aiki: rabin ganga, ƙarafan wani tsohon gado, sarƙa da haƙoran keke, katako, da ƙafafun baro guda biyu don a riƙa turawa. Na jibge su a ƙofar gida, na ɗauki guduma.

Ban yi bugu uku ba Baba ya leƙo daga zaure. Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu, mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana.

"Na kai ka makaranta ne ka dawo mini maƙeri a ƙofar gida?" ya ce. "In dukan ƙarfen ya zama dole, shiga ciki ka yi, inda ba mai ganinka."

Abin ya ɗan sosa mini rai, amma da na sake tunani sai na ga ya yi mini daidai. Da ma ba na son kowa ya ga injin sai ranar da zan fito da shi gaba ɗaya, mutane su riƙe baki. Na riƙa kwasar kayan ɗaya bayan ɗaya ina shiga da su tsakar gida, na kafa ma'aikata a gindin bishiyar lemo kusa da madafi.

Duk daminar nan a kan injin na ƙare. In faɗi gaskiya, na yi aiki. Na auna gyaɗa manya da ƙanana, na auna kaurin ɓawo, na auna tazarar da za ta fasa ɓawon ba tare da ta murƙushe ƙwaya ba. Na rushe na sake har Inna ta daina tambaya. Da na zo haɗa ƙarafan, noti ya yi wuya a kasuwa, sai na yi amfani da irin kusar nan da ake dake kanta ta zauna har abada. Har alfahari nake yi wa Yaya Sale, babban wana, cewa wannan injin ko giwa ta taka shi ba abin da zai kwance. (Ka riƙe wannan alfaharin, da shi aka ci ni.)

Yaya Sale tela ne, kuma ba shi da aiki sai tsokanata. Kullum in ya shigo cin abinci sai ya tsaya ya ce, "Injiniya, wannan jirgin naka yaushe zai tashi?"

To, gidanmu irin ginin da ne, kakan Baba ya gina shi. Ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure. Ƙofar waje tana da faɗi, doki ma ya shiga. Amma ta ciki, wadda ke kaiwa tsakar gida, ƙarama ce, an matse ta, an kuma karkatar da ita gefe don kada wanda ke zaune a zaure ya hangi mata. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ko wane ne shi. Wannan ƙofa nake bi tun ina rarrafe. Na auna komai a duniya ban auna ta ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to nawa idon bai sani ba.

Ana gobe Mai Lofe zai zo na bi gida-gida ina gayyata. Na gaya wa teloli, na gaya wa 'yan koli, na gaya wa dattawan da ke zama a gindin ɗurumi, cewa su zo su ga abin da ƙasa mai shirin mulkin kanta ke bukata. Haka na faɗa, da bakina. Da safe na sa farar taguwa da wando na kwaleji, har da ɗamarar wuya irin ta Turawa, a cikin zafin nan.

Mai Lofe bai iso ba sai dab da azahar, don hanya ta ɓaci da ruwa. Baba ya tarbe shi a zaure, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Baturen yana jin Hausa, irin ta littafi, kuma ya san ba a shiga gidan mutane, don haka ya zauna ya naɗe ƙafa da ƙyar. Bayan gaisuwa Baba ya tashi ya shiga ciki don ya yi alwala ya sauya riga. Da zai wuce ni ya ce, "Fito masa da abin naka."

Yaya Sale ya tsaya ta zaure yana ja, ni ina turawa daga ciki. Gaban injin ya shiga lafiya. Da aka zo cikin gangar, sai na ji wani ƙuuu, ƙasa ta zubo.

"Injiniya, ba zai wuce ba," in ji Yaya Sale. "Mu mai da shi baya."

Da na ji maganarsa da an tsira da mutunci. Amma malamina na zaune yana kallo, ga kawunan mutane cike da ƙofar waje. Na ce masa cikin murya irin ta masana, a ɗan kishingiɗa shi hagu, a ba shi ƙarfi lokaci guda. Na ja da baya, na taho da gudu na dake shi da kafaɗa. Ya shiga kamar taki guda, ya zauna daram. Muka ja, muka tura, muka jijjiga. Ba gaba ba baya. Abin da ya rage 'yar kafa ce a sama, daidai fuskar mutum.

A daidai nan ladan ya kira salla.

Baba ya fito daga turakarsa cikin farar riga da rawani, carbi a hannu. Ya dubi injin, ya dubi ƙofar, ya dube ni. Inna ta matso ta ce a hankali, "Malam, ko a aika ladan ya ja su yau?"

"Ina gari, lafiyata ƙalau," in ji Baba. "In an tambaye ni me ya hana ni, in ce me? Gyaɗa?"

Ya juya ya nuna mini tsanin da ake hawa soro in za a yi yaɓe. Na ɗauko, na jingina shi da katangar da ke kallon titi. Yaya Sale ya zagaya ta waje, aka kawo turmi aka kifa. Ni na riƙe tsanin da hannuna, mahaifina, dattijo mai furfura, limamin unguwa, ya tattare babbar riga ya hau katangar gidan kakansa kamar wanda ya shigo sata. Ban taɓa jin Wunti ta yi tsit irin na lokacin ba. Yana ɗaga ƙafa zai tsallaka, takalminsa ɗaya ya suɓuce ya faɗo ta wajena.

Na ɗauka zan cilla masa. Inna ta daka mini tsawa: "Takalmin ubanka za ka jefa? Hau ka miƙa masa!"

Na hau. Kaina na ɓullowa saman katanga na ga duk waɗanda na gayyata, ba wanda ya ƙi zuwa. Teloli, 'yan koli, dattawan gindin ɗurumi, ga masu zuwa masallaci sun tsaya da butoci a hannu. Baba na tsaye a kan turmi da takalmi ɗaya, ya dafa kafaɗar Yaya Sale. Mai Lofe ya fito daga zaure ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuma ga ni a sama, da ɗamarar wuya, jiƙe da gumi, ina miƙo takalmi da hannu biyu. Ba wanda ya yi dariya saboda girman Baba, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni har na ji da ma katangar ta rushe da ni.

Na ɗaga ƙafa zan bi shi masallaci. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Koma. Ka yi taka sallar a ciki."

Bayan na idar da salla a tsakar gida, sai na ji muryar Mai Lofe ta kafar nan. Ya ce yana da wani ɗalibi a gaba, dole ya kama hanya kafin la'asar. Ba zai shigo ba, injin kuma bai fito ba. Me nake so ya rubuta?

Na tsaya ina kallon abin da na ƙera kamar yau na fara ganinsa. Sai na lura hannun juyawa da bakin zuba gyaɗa suna ta wajena, mazubin da ƙwaya ke fita kuma yana ta zaure. Ba dabarata ba ce, Allah ne kawai ya dube ni. Na ce masa ya sa a ajiye ƙwarya a ƙarƙashin mazubin. Inna ta ɗebo gyaɗa tana zubawa daga inda ba za a gan ta ba, ni ina juyawa. Injin ya yi ƙara, ƙasa na zubo mana a ka, can sai na ji ƙwaya na sauka a ƙwarya ta ɗaya gefen. Ban ga ko ɗaya ba, amma ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Daga nan ya shiga yi mini tambayoyi ta kafar, ni ina ganin lofe da rabin gashin baki kawai. Ya tambayi dalilin da ya sa na zaɓi sarƙa, na amsa. Ya tambayi tazarar haƙora, na amsa. Ya tambayi faɗin injin, na faɗa masa har da rabin inci.

"Madalla," ya ce. "Faɗin ƙofar fa?"

Inna ta raɗa mini, irin raɗar da ake ji har maƙwabta: "Ce masa ba ka sani ba. Kada ka haɗa da ƙarya."

Lofen ya yi ta rawa a bakinsa don dariya. Da ya natsu ya ce injin yana aiki, ya gani da idonsa, don haka ba zan maimaita aji ba. Amma makin da zai ba ni shi ne mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi, domin manomin Tirwun ba zai ɗauko gyaɗarsa ya zo ya yi sallama a zauren liman ba duk lokacin da yake son ɓara. Ya yi sallama da mutane ya tafi.

Saura ƙofa. Da Baba ya dawo ya tsaya a zaure, na yi magana ta kafar. Na ce a kawo guduma in farfasa injin, tunda an riga an ba ni maki. Ina jin yana motsa gyaɗar da ke cikin ƙwaryar da hannunsa.

"Wannan duk yanzu aka ɓare ta?"

Yaya Sale ya ce e.

"Sale, je ka aro diga."

Na ce, "Baba, ginin kaka ne."

"Ƙasa ce, ana kwaɓa wata," ya ce. "Uwarku ta gama ɓarar gyaɗa da hannu."

Shi ya fara kai sara da kansa, sannan ya miƙa wa Yaya Sale. Ina tsaye a ciki ina kallon gefen ƙofar na zubewa, hawaye na zubo mini, na rasa na kunya ne ko na mene ne. Da injin ya kuɓuta aka tura shi zaure, Baba ya shigo ta wagegen gurbin yana kaɗe ƙasa daga rigarsa. Ya tsaya a gabana ya ce, "Kakana ya matse ƙofar nan don kada na waje ya ga na ciki. Kai kuma ka zo da ilimi ka hana na ciki ganin waje. Gobe da asuba ka fara kwaɓa."

Haka aka yi. Makon da samarin gari ke ta share fili da ɗinkin sababbin riguna don bikin 'yancin kai, ni ina ƙofar gida, wando naɗe har gwiwa, ina taka laka da ciyawa a gaban duk mai wucewa. Teloli kuwa sun sami abin yi. Kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. A dai auna."

Na yi shekaru ina aiki bayan nan, na gina abubuwan da suka fi gidanmu girma, na kuma koyar da ɗalibai da yawa. Duk wanda ya kawo mini zane yana zumuɗi, kafin in dubi lissafinsa nakan tambaye shi ta wace ƙofa abin zai fita. Sukan ɗauka wata hikima ce mai zurfi ta tsofaffin injiniyoyi. Ban taɓa gaya musu cewa a saman tsani na koye ta ba, da takalmin mahaifina a hannu.