Ranar da Na Kori Manaja

A shagona na buga takardu da ke Gummi, ni ce manaja, ni ce mai shara. Don haka ranar da na sa wa kwamfutata manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, na ci karo da wani abu wai shi manajan na'urori, sai raina ya ɓaci. Manaja kuma? A shagona? Na goge shi, har da tsaki.

Washegari Juma'a, Kawu Sani ya taso daga Adabka a kan babur, laka har gwiwa. Ya miƙo filashin kwamfuta don in buga masa katin ɗaurin auren ɗansa da ke ciki, wanda zai raba a masallaci bayan sallah. Na kunna kwamfuta ina hura hanci. Na soka filashi, shiru. Na ja maus, kibiyar kan allo ko motsi. Na daddaki kibod kamar mai surfe, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ashe wannan ɗan banzan manajan ne ke gaya wa kwamfuta abin da aka soka mata!

Kawu ya leƙo. "Ɗiyata, mi yaf faru?"

"Manaja na kora."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko tsintsiya ba ki da mai riƙe miki?"

Ladan ya kira sallah, kati bai fito ba. Da baki Kawu ya yi gayyar, ya koma yana faɗa.

Har yau, ko akuya ce ta ƙi cin dusa a gidanmu, sai Inna ta ɗaga murya: "Ku bincika, wagga yarinya ta kori manaja!"