Rasuwar Kaka, Kwamfutar Ɗakin Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da ma'aikatan wannan asibiti rasuwar tsohuwar kwamfutarmu ta ɗakin kati, wadda kowa ya sani da Kaka. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiya ba mai gaggawa ba ce. Idan an kunna ta sai ta yi ƙirrr, ta yi tik-tik sau biyu, sannan ta buɗe ido. Amma ba ta taɓa ɓatar da katin majinyaci ko ɗaya ba. Ni da na zo da takardun digiri wata shida da suka wuce, na kira ta gidan tarihi a gaban taro, aka yi dariya, na ji daɗi.

Ga yadda ciwon ajalin ya faro. Kowace safiya, kafin Kaka ta nemi komai a wurin babbar na'urar da ke riƙe da rumbun bayananmu, sai sun gaisa. Kaka ta sanar cewa siga ta biyu ta yaren na'urorin kawai take ji. Babbar, wadda ta kai siga ta biyar, ta sauko ta amsa mata da ta biyun. Layi arba'in ne a cikin manhajar babbar ke ɗauke da wannan ladabi, kuma babu inda aka rubuta amfaninsu. Ko shafi ɗaya. Har gobe ina cewa wannan sakaci ne, kuma ma'aikatar da iliminta ke cikin kan mutum ɗaya tana wasa da rayukan jama'a.

Na tambayi Baba Injiniya, wanda ya haɗa tsarin tun ina firamare. Ya ce, "Bar su, ɗana, gaisuwa ce."

Na ce, "Baba, asibiti muke ko zauren hira?"

Ya ce, "Jawo kujera in faɗa maka, ka rubuta."

Ban jawo ba. Ina da taro a kan kawo sauyi. Ranar Juma'a da rana na goge layukan, na tafi gida ina jin kaina gwarzo.

Kaka ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta sake. Kwana biyu cur tana maimaita gaisuwa ɗaya a ɗaki rufe, fankarta na kuka fiii, har cikinta ya ɗau zafi ya ƙone. Safiyar Litinin layin majinyata ya kai bakin ƙofar waje, Anti mai kati tana rubuta sunaye da hannu tana share hawaye da gefen mayafi. Da Manaja ya tambayi wa ke kula da tsohon tsarin, duk aka dubi Baba. Ni ma na dube shi. Aka ba shi takardar tuhuma, ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ko kalli inda nake ba.

Marigayiya ta bar firinta ɗaya mai tari, da allon rubutu wanda harafin A ɗinsa ya goge, da Anti, wadda tun ranar ba ta amsa mini sannu ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin ajiyar tsofaffin kaya, bayan wurin wanki. Ni zan ɗauki gawar, ba na neman mai kama mini. A maimakon jawabi za a karanta shafi uku na bayanin yadda na'urorinmu ke daidaita siga, wanda Baba ya faɗa jiya ina rubutawa, ya gyara mini sau bakwai bai ɗaga murya ba.

Ana roƙon Manaja ya halarta da takardar tuhumar da kuma biro. Sunan da ke samanta kuskure ne. Wanda ya kamata a rubuta shi ne mai sa hannu a ƙasan wannan sanarwa.

Mai makoki,
Jami'in sabunta na'urori