Farautar Mai Leƙen Asirin Alhaji

Shekarar da na fara aikin haɗa intanet a Funtua, har tafiyata sai da ta canza. Alhaji Sani, mai babban siton masara, ya kira ni in duba inda za a ƙara kafa na'urorin waifai. Ina duba waɗanda ke kusa a kwamfuta, sai ga wata baƙuwar sigina mai ƙarfi, ba tamu ba.

"Alhaji, wani ya dasa na'ura yana leƙen asirinka," na ce, har da gyara tabarau.

Ya dafe ƙirji, ya sa aka tsayar da lodi. Muka birkice buhuna, na hau rufi. Duk inda na taka, siginar tana nan daram.

"Ƙwararre ne," na tabbatar musu.

Sai ƙaramar wayata ta yi ƙara a aljihu. Ina ciro ta na ga ashe ita ke raba intanet tun safe. Alhaji ya leƙo, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Allah ya jiƙan Alhaji. Har yau in na ratsa kasuwar, 'yan dako sai sun ɗaga murya: "Injiniya, a laluba aljihu tukuna!"