Yadda Na Zama Alhaji da 'Ya'yansa

Ko ni na so in manta, mutanen ofishinmu ba za su taɓa bari in manta da taron ƙarshen watana na farko a wurin aiki ba, tunda har yau da sunan da na samu a ranar suke kirana.

Na gama karatun akanta, na yi bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Tudun Wada na zauna. Zaman ya yi tsawon da har ƙannena suka koma faɗin "Yaya Akanta" da wata irin murya. Duk inda na kai takarduna tambayar ɗaya ce: "Ka iya aiki da manhajar lissafi?" Mu kuwa da biro da rula muka yi karatunmu. Kwamfutocin sashenmu a lulluɓe suke da leda, sai za a yi baƙi ake buɗe su. Da na gaji da cewa a'a, ranar da aka kira ni ganawa a wani kamfani da ke sayen doya da hatsi a kasuwar Gwada yana loda wa tireloli zuwa kudu, sai na ce e. (Ina ma e ɗin kawai na ce. Cewa na yi, "Sosai ma.")

Wadda ta yi mini tambayar ita ce Madam Ladi, babbar akantar kamfanin, mutuniyar garin Garatu. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To, za mu gwada ka wata uku. In ka iya, za mu gani."

Wallahi ban taɓa ganin mai aiki irin matar nan ba. Tun zamanin manyan littattafai take wurin, kuma ita da kanta ta kwashe lissafin kamfanin ta mayar cikin kwamfuta, lokacin da waɗanda ta haifa ma suke tsoron taɓa ta. Direba na kwarara mata bayani a waya, yatsunta na tafiya, ba ta ko kallon madannai. In lissafi ya ƙi haɗuwa ba ta ɗaga murya. Sai ta kurɓi shayinta ta ce, "Yana nan, ɓuya ya yi." Kafin shayin ya huce ta zaƙulo shi.

Ran da na fara, ta buɗe mini abin da ake kira kamfanin gwaji. Wani kamfanin wasa ne a cikin manhajar, don masu koyo, duk shirmen da ka zuba a ciki ba ya taɓa lissafin gaskiya. Ta ce wai don in saba da tsarinsu. Na gyaɗa kai irin na ƙwararru, alhali ko inda ake buɗe rasit ban sani ba.

Na duƙufa. Kullum bayan azahar, in mutane sun fita cin abinci, sai in kunna bidiyon koyarwa a wayata ina kwaikwaya. Da hannuna ya fara faɗawa, sai rubuta "kwastoma na ɗaya" da "kwastoma na biyu" ya gundure ni. Na ƙirƙiri kwastoma na musamman: na sa sunana, na liƙa masa Alhaji a gaba, na ƙara "da 'Ya'yansa" a baya (ni da ko zance ban taɓa zuwa ba). Wannan Alhaji kuwa ba ya sayen doya sai tirela-tirela. Sannan ga Zainab, kashiyarmu, 'yar ƙanwar Alhaji Sani mai kamfanin, wadda duk tarihin hirata da ita bai wuce "ina kwana" ba. A ɓangaren kuɗin da ake kashewa na buɗe shafi mai suna "Lefen Zainab". Atamfa, leshi, takalma, akwatuna, babu abin da na yi rowarsa.

Ana cikin haka sabuwar doya ta fito, Madam ta bar ofis ta tare a kasuwar Gwada kusan mako guda. Wata rana aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu. Da aka ta da janareta na kunna ta, na nemi Alhajina sama ko ƙasa babu shi, lefe ma babu. Na yi tsaki, na ce wuta ta cinye mini aiki. Abin da ban sani ba, in manhajar ta tashi kamfanin gaskiya take buɗewa, kuma bambancinsa da na gwaji ɗan sunan da ke can sama ne kawai. Ban duba saman ba. Na zauna na sake shigar da komai daga farko, har da ƙarin sarƙar gwal.

Ranar taro da safe Madam ta dawo a gajiye. Ta ce in buga rahoton wata, tunda ita ba ta samu lokacin dubawa ba. Muka zauna mu huɗu a ofishin Alhaji Sani. Dattijo ne mai sauraro ido rufe, carbi a hannu. Da na karanto ribar wata, sai ya buɗe ido.

"Alhamdulillahi. Ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Wa ya yi mana ciniki haka?"

Na juya shafin kwastomomi, na ga sunan da ke kan gaba, na shiga jujjuya takardar. Alhaji ya gaji da jira, ya karɓi takardar, ga shi bai zo da tabaransa ba, sai ya miƙa wa Zainab.

"Zainabu, karanta mini."

Ta karanta cikakken sunana, da Alhajinsa da 'ya'yansa. Ta ci gaba zuwa kuɗin da aka kashe: man tirela, ladan 'yan dako, kuɗin buhu, "Lefen..." Sai ta kife takardar.

"Lefen wa?"

"Kawu, ni dai ba zan karanta wannan ba."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Alhaji bai yi dariya ba. An taɓa cutarsa da kwastoman ƙarya, kuma a wurinsa wannan sunanta sata. Ya ajiye carbi ya ce, "Yaro, a cikin lissafina?" Na hango kaina na koma bencin zaman kashe wando a Tudun Wada, wannan karon da sunan ɓarawo.

Madam Ladi ko gezau. Ta jawo kwamfuta, ta ɗan danna, ta juya masa ita. Ta nuna masa ranar da aka shigar da abin, ta nuna masa ko sisi bai fita daga banki ba, ko doya ɗaya ba ta bar sito ba.

"Alhaji, ba sata ba ce, koyo yake yi ya ɓata hanya. Ni ma da laifina, da na kulle wurin kafin in tafi. Amma duba nan. Duk abin da ya shigar ya zauna inda ya kamata, har lefen ma a kuɗin kashewa ya sa shi. Yaron nan ranar da ya zo bai san komai ba a kwamfutar nan. Wanda ya koya wa kansa wannan a wata ɗaya, ni ina son sa a ofishina."

Ashe tun ranar ganawa ta san ƙarya nake yi. Shi ya sa ta buɗe mini kamfanin gwaji, kuma ba ta taɓa tona ni ba sai ranar da tonawar za ta cece ni.

Alhaji ya juyo wurina. Ya ɗauki carbinsa ya miƙe, ya ce, "To, Alhaji da 'Ya'yansa, gobe ka zo da wuri."

Da suka fita na roƙi Madam ta bari in goge komai. Ta ce, "A aikinmu ba a gogewa. Warwarewa ake yi, a rubuta dalili, wanda zai zo bayanka ya gani." Haka na wuni ina mayar da tirelolin doyata ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan lefe na rasa dalilin da zan rubuta, sai na sa "An fasa". Zainab ta zo wucewa da tiren kofuna, ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. Ko kawowa ba a yi ba har an fasa?"

Yanzu ni nake koya wa sababbin ma'aikata manhajar, kuma yadda Madam ta koya mini nake koya musu. Lefen Zainab kuwa, da lokaci ya yi, wani malamin asibiti ne ya kai. Alhaji ya ce a fitar da gudummawar biki daga kamfani, ni kuma aka ba aikin shigarwa. Ina ƙoƙarin buɗe sabon shafi, Madam ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Kada ka wahalar da kanka, ai akwai wanda ka buɗe tun tuni."

Tun daga nan, kafin in taɓa madannai sai na duba sunan da ke sama. Burina kuma a zuci nake barinsa, can ne kaɗai ba a buga rahoton wata.