Idon Alhaji Daudu a Gaban Na'ura

Duk faɗin Babura babu ido irin na Alhaji Daudu Maikasuwa, dillalin hatsi, wanda 'yan kasuwa suka raɗa wa Hangen-Nesa. Shi ya hango ambaliyar bara, jim kaɗan bayan rediyo ya faɗa. Abu ɗaya ne ya ɓuya masa: wani tsiro a farin idonsa na hagu, yana rarrafawa zuwa baƙin.

Matarsa, Hajiya Zaituna, ta dame shi da zancen asibiti.

"Hajiya, wannan alamar manya ce," in ji shi. "Idon da ya yi aiki da yawa dole ya yi kanta."

Sai da kantar ta fara jini ya yarda. Daga asibitin Kazaure aka tura shi Kano. Likitar ido ta ce tana zargin ciwon daji ne, za a ɗauki hoto da na'ura mai aiki da sauti. In tsiron a sama ya tsaya, a kankare shi. In ya nutsa ciki, idon ne zai fita.

Wani zai tsorata, ban da Hangen-Nesa. Ya kira rumfarsa a waya, ya sa aka ƙure muryar wayar don kowa ya ji.

"Na'urar nan ba ta kowa ba ce. Sauti take aikawa cikin ido, ta saurari amsa. Wato idona ma ganawa ake yi da shi."

Ranar ganawa ya sha babbar riga. Aka cire masa hula, aka kwantar da shi, aka ɗiga maganin kashe zafi, aka kafa wani ɗan kofi mai ruwa a kan idon. Na'ura ba ta ko taɓa shi ba, gwarzon ya damƙe gado ya kwarma ihu, "Wayyo Inna!" Inna kuwa ta daɗe a kabari. Daga baya ya bayyana cewa addu'a yake mata.

Allah ya taimaka, ciwon bai nutsa ba. Aka kankare, aka ba shi ranar komawa, ya dawo gida da bandeji.

'Yan dubiya suka cika zaure. Alhaji ya gyara murya.

"Likitoci sun taru a kan hotona, sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba."

Malam Sama'ilu, abokin wasansa, ya ɗaga murya wajen ƙofar cikin gida. "Hajiya, me hoton ya nuna ne?"

"Likita ta ce duk abin a sama yake, Malam. Ciki babu komai," in ji Hajiya.

"Alhamdu lillahi," in ji Sama'ilu. "Amma da mu kuka tambaya, ai da ba sai an je Kano ba."